Ƙananan tsibirai na teku: yadda mutuwar yara ta ragu, da inda ta tsaya

Tsibiri shi ne tudun ƙasa wanda ruwa ya kewaye ta kowane gefe. Ko cikin gulbi, in ruwa ya kawo, akan ga irinsa. To, cikin manyan tekunan duniya akwai tsibirai waɗanda ƙasashe ne masu mulkin kansu, da tutarsu da gomnatinsu. Wasu daga cikinsu, mutanensu duka ba su kai na babban gari guda ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa su wuri ɗaya, ta kira su ƙananan ƙasashen tsibirai masu tasowa. Yawansu ya kusa 40. Mutanensu baki ɗaya sun kai wajen miliyan 65. Babban taro na farko bisa kan matsalolinsu an yi shi a tsibirin Barbados cikin shekarar 1994.

Wahalar waɗannan ƙasashe iri ɗaya ce. Suna nesa da kowa. Magani da allura sai sun hau jirgin ruwa ko jirgin sama kafin su iso. Likitoci kaɗan ne. Ƙasa guda tana iya zama tsibiri goma ko tsibiri ɗari, kuma tsakanin wannan da wancan ba hanyar ƙafa, ba ta jaki, ba ta mota. In yaro ya kwanta ciwo da dare, teku kuma ta tashi, sai a jira safiya.

Duk da haka, wasu daga cikin tsibiran nan sun rage mutuwar yara ƙanana fiye da ƙasashe masu faɗi da arziki. Wasu sun yi gaba sun tsaya. Wasu kuma sun yi gaba, sa'annan suka yi sakaci, mutuwa ta dawo.

Yadda ake lissafin

Kafin a shiga labarin ƙasashe, ya kamata mai karatu ya gane yadda ake auna abin. Ma'aikatan kiwon lafiya suna ɗaukar yara 1000 da aka haifa da rai. Sai su duba nawa ne daga cikinsu suka rasu kafin su cika shekara 5. In an ce ƙasa kaza tana da 100, ma'anarsa yaro guda cikin kowane goma bai kai shekara 5 ba. In an ce 20, yaro guda ke nan cikin 50. Duk lambar da za a gani nan gaba, haka ake karanta ta.

Hukumar UNICEF da hukumar lafiya ta duniya OMS da Bankin Duniya su ke haɗa wannan lissafi kowace shekara. A ƙidayarsu, cikin shekarar 1990 duniya baki ɗaya tana da 93. Zuwa shekarar 2022 abin ya sauko 37. A 1990 yara fiye da miliyan 12 suka rasu kafin su cika shekara 5. A 2022 ba su kai miliyan 5 ba.

Su kuwa ƙananan tsibirai, in an haɗa su duka, a 1990 suna wajen 80. Bayan shekara talatin suka sauko wajen 40. Rabi ke nan. Amma wannan lamba ta haɗin gambiza ce, tana ɓoye abu mai yawa. Cikinta akwai ƙasar da ta sauko ƙasa da 10, akwai wadda ke sama da 50. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya za a ga gaskiyar al'amarin.

Kap-Ber, tsibiran fari

Kap-Ber tsibirai goma ne cikin tekun Atlantika, wajen kilomita 600 yamma da Dakar ta Senegal. Tara daga ciki ke da mutane. Ko da yake teku ta kewaye su, ƙasar Sahel ce. Damana gajera ce, wata shekara ma ba ta zuwa. Shi ya sa Kap-Ber take cikin ƙungiyar CILSS mai yaƙi da fari, tare da Nijar. Manomanta masara da wake suke shukawa bisa gangaren duwatsu, suna jiran ruwan sama kamar kowane manomin Sahel.

Zamanin mulkin Turawan Fotugal, fari a Kap-Ber yunwa ce, yunwa kuma kabari ce. Daga 1941 zuwa 1943 aka yi wata. Daga 1947 zuwa 1948 aka sake yin wata. Yunwar nan biyu sun kashe mutum fiye da dubu 40, alhali mutanen ƙasar duka ba su kai dubu 200 ba. Ranar 20 ga watan Fabrairu 1949, a Praya babban birni, talakawa sun taru suna jiran a raba musu abinci, sai katangar wurin ta faɗo kansu. Mutum fiye da 200 suka mutu nan take. Mutanen Kap-Ber ba su manta wannan rana ba.

A 1968 wani dogon fari ya fara, wannan dai da ya karkashe dabbobi cikin Sahel. Ana cikinsa ƙasar ta sami mulkin kanta, ranar 5 ga watan Yuli 1975. Abin da sabuwar gomnati ta gada ba shi da yawa. Likitocin ƙasar duka ba su kai 20 ba. Fiye da rabin manya ba su iya karatu ba. Yara fiye da 100 cikin 1000 ba su kai shekara 5. Ƙasar ba ta da man fetur, ba ta da zinariya, ruwan sha ma da ƙyar.

Abu na farko da aka yi shi ne hana fari ya zama yunwa. Ƙasashen waje sun aiko da taimakon cimaka. Gomnati ba ta rarraba shi duka kyauta ba. Ta saida mafi yawansa cikin ƙasa, ta ɗauki kuɗin ta biya talakawa ladar aiki. Maza da mata suka yi ta jera duwatsu bisa gangare don tare ruwa da ƙasa, suna gina madatsai, suna dasa itatuwa, suna gyara hanyoyi. Mai aiki ya karɓi kuɗinsa, ya sayi masara, yaransa su ci. Fari ya daɗe, amma ba a sake yin yunwa mai kisa irin ta 1947 ba. Wannan yana da muhimmanci, domin yaron da tamowa ta kama, zawo kaɗan ko ƙyanda sai su tafi da shi.

Abu na biyu shi ne awon ciki da awon yara. Daga ƙarshen shekarun 1970, da taimakon ƙasar Suwed, aka buɗe wuraren kula da uwa da ɗa. Mai ciki ta zo a duba ta. In ta haihu, ta riƙa kawo jariri ana ɗora shi bisa sikeli, ana rubuta nauyinsa cikin kati, ana yi masa allurar rigakafi. In nauyi ya tsaya bai ƙaru ba, an gane da wuri. A wurin ne kuma ake koya wa mata anfanin ba da nono, da ba da tazara tsakanin haihuwa, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro yana zawo. Inda ba gidan likita, aka kafa ɗan ƙaramin ɗaki da ma'aikaci guda wanda aka horar ƴan watanni. Ma'aikatan awo kuma suna fita ƙauyuka, ba su zauna jiran mata su zo ba.

Aka cika ƙasa da makarantu, har da na manya. Uwar da ta iya karatu tana duba katin ɗanta da kanta, ta san ranar komawa allura, ta san adadin maganin da aka rubuta.

Ba wani abin mamaki cikin ayyukan nan. Sikeli ne, da kati, da allura, da ma'aikaci kusa da gida. Abin da ya bambanta Kap-Ber shi ne an yi su a kowane tsibiri, kuma ba a daina ba. A 1990 lambarta ta sauko wajen 60. A shekara ta 2000 ta yi ƙasa da 40. A 2022 ba ta kai 15 ba.

Hanyar dai ba ta miƙe sak ba. A 1995 kwalara ta kama dubban mutane. Masassarar cizon sauro kuwa, sau biyu aka kore ta, a 1967 da 1983, sau biyu tana dawowa, domin da an ga ta tafi sai a sassauta feshin maganin sauro. A 2017 ta sake ɓarkewa a Praya. Wannan karon aka bi ta gida gida. Duk wanda ya zo da zazzaɓi a gwada jininsa kyauta, in an sami ciwon a ba shi magani, a duba maƙwabtansa. Cikin watan Janairu 2024 hukumar OMS ta shaida cewa babu sauran masassarar sauro a Kap-Ber. Ita ce ta ukku a yankin Afirka na hukumar, bayan Moris a 1973 da Aljeriya a 2019.

Sawo Tome da sauro

Zamanin yunwa, dubban mutanen Kap-Ber an kwashe su zuwa wasu tsibirai na Fotugal don aikin gonakin koko. Tsibiran nan su ne Sawo Tome da Pirinsip, cikin teku daura da ƙasar Gabon. Su ma sun sami mulkin kai cikin watan Yuli 1975. Can ruwan sama ya yi yawa, daji ya yi duhu, sauro kuma ba a magana. Babban mai kashe yara shi ne masassara.

A farkon shekarun 1980 aka yi gagarumin feshi cikin ɗakuna. Masassara ta kusa ɓacewa. Sai aikin ya tsaya. Ga abin da ya kamata a gane: mutumin da ya tashi cikin sauro, jikinsa yakan ɗan saba da ciwon. In aka yi shekaru babu ciwon, wannan sabo yana raguwa, yaran da aka haifa a tsakani kuma ba su da shi ko kaɗan. Da sauro ya dawo, ya tarar da jama'a ba kariya. A 1985 da 1986 masassara ta yi kisa fiye da da. A 1990 yara fiye da 100 cikin 1000 ke mutuwa a ƙasar.

An kusa shekara ashirin kafin a sake ɗaura ɗamara. Daga wajen 2004 aka haɗa abubuwa da dama lokaci guda: feshi cikin ɗaki kowace shekara, sange mai magani, sabon maganin masassara mai ƙarfi, da ƙwayoyin rigakafi ga mata masu ciki. Cikin ƴan shekaru gadajen yara a asibiti suka fara zama babu kowa. Zuwa 2022 lambar Sawo Tome ta yi ƙasa da 20.

Maldib, asibiti cikin jirgin ruwa

Daga nan sai gabas, cikin tekun Indiya. Maldib ƙasar Musulmi ce. Tsibiranta sun kusa 1200, amma waɗanda ke da garuruwa ba su kai 200 ba. Sun jeru daga arewa zuwa kudu, tsawon fiye da kilomita 800. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗa, mafi yawanta bai fi tsayin mutum ba bisa ruwan teku. Mutanenta masunta ne. Ta karɓi mulkin kanta daga Ingila a 1965, tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya.

Ba yadda za a yi a gina babban asibiti a kowane tsibiri mai mutum ɗari biyar. Sai aka horar da ƴan garin, aka koya wa ungozomomi tsabta da gane haihuwa mai haɗari. Masu allura suka riƙa zagayawa cikin jirgin ruwa da akwatin sanyi, domin ruwan allurar rigakafi in ya sha zafi ya lalace. Masassarar sauro ta ƙare tun 1984. Daga baya aka gina gidajen likita a tsibirai, da asibiti a kowane yanki, da jiragen ɗaukar marar lafiya.

Gaskiya ne Maldib ta sami kuɗi. Tun 1972 baƙi masu yawon shan iska suka fara zuwa, kuma abin ya zama babbar sana'a. Amma ƙasashe nawa suka sami kuɗi, yaransu na mutuwa? Maldib ta sa nata cikin makaranta da magani. A 1990 lambarta tana wajen 90. A 2022 ba ta kai 10 ba. Kaɗan ne cikin ƙasashen duniya suka yi irin wannan sauri. A 2017 hukumar OMS ta shaida cewa ƙyanda ta daina yawo cikin ƙasar.

Jan ƙyalle a ƙofar gida

Ƙyanda, wato baƙon dauro, tsohuwar abokiyar gaba ce ga mutanen tsibiri. A 1875 ta shiga Fiji, cikin tekun Pasifik, inda ba a taɓa saninta ba. Ta kashe wajen mutum dubu 40, kamar mutum guda cikin kowane huɗu. Nisa yana tsare tsibiri daga ciwo shekara da shekaru. Amma ran da ciwon ya sauka daga jirgi, ba inda za a gudu.

Samowa maƙwabciyar Fiji ce, mutanenta wajen dubu 200. Ta yi ƙoƙari ƙwarai, lambarta ta sauko ƙasa da 20. Sai ga abin da ya faru cikin watan Yuli 2018. A wani ƙaramin asibiti aka kawo jarirai biyu allurar ƙyanda. Garin allurar da ruwa na musamman ake dama shi. Ma'aikatan jinya suka yi kuskure, suka dama shi da wani maganin da ake anfani da shi wajen aikin tiyata. Jariran biyu suka mutu cikin ƴan mintoci. An yi shari'a, aka ɗaure ma'aikatan biyu shekara biyar biyar. Bincike ya nuna ba allurar ce ta yi kisa ba, kuskuren damawa ne.

Amma tsoro ya riga ya shiga. Gomnati ta dakatar da allurar ƙyanda wata da watanni. Masu baza jita-jita, na gida da na waje, suka sami abin faɗi. Iyaye suka ƙi kai yaransu. A 2018 yara 31 kaɗai cikin 100 aka yi wa allurar. Ita kuwa ƙyanda, ba a tare ta sai in 95 cikin 100 sun samu, saboda ba ciwon da ya kai ta saurin kamu.

Cikin watan Oktoba 2019 aka ba da sanarwa ƙyanda ta ɓarke. Asibitoci suka cika. Cikin watan Nuwamba aka kafa dokar ta-ɓaci, aka rufe makarantu, aka hana yara zuwa taro, aka ce allura dole ce. Ranakun 5 da 6 ga watan Disamba gomnati ta rufe ma'aikatu da kantuna, ta hana motoci yawo. Aka ce duk gidan da ke da wanda ba a yi wa allura ba, ya ɗaura jan ƙyalle a ƙofa. Masu allura suka bi tituna suna tsayawa duk inda suka ga ja. Kafin ƙarshen wata an yi wa 95 cikin 100.

An makara. Mutum fiye da 5700 suka kamu, 83 suka mutu, kuma mafi yawansu yara ne da ba su cika shekara 5 ba. A ƙasar da yaran da ke mutuwa a shekara guda ba su cika wuce ɗari ba, wannan babbar asara ce cikin wata ukku.

Abin lura shi ne, a daidai wannan lokaci ƙyandar ta shiga Tonga da Fiji. A Tonga ɗaruruwa suka kamu. Amma can an riga an yi wa yara allura, kuma ba wanda ya mutu.

Maƙwabta biyu

A can yamma, kusa da Amurka, akwai tekun Karayib. Hayiti da Kuba suna kallon juna, ɗan mashigin teku ne tsakaninsu. Hayiti ƙasar baƙar fata ce, jikokin bayin da suka kori Faransa suka kafa ƙasarsu a 1804. A 1990 lambarta tana wajen 145. Ta sauko a hankali, saboda allura da ƙananan gidajen likita na karkara. Sai masifu suka biyo juna. Ranar 12 ga watan Janairu 2010 girgizar ƙasa ta rushe babban birni, gomnati ta ce mutum fiye da dubu 200 suka mutu. Cikin watan Oktoba na wannan shekara kwalara ta ɓarke, bayan ƙazanta daga sansanin sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga kogin da mutane ke sha. Ta kashe kusan mutum dubu 10. Majalisar ba ta nemi gafara ba sai a 2016. A 2021 aka kashe shugaban ƙasa, ƴan bindiga suka mamaye unguwanni, asibitoci da yawa suka rufe. A 2022 lambar Hayiti tana sama da 50. Da yake mutanenta sun fi miliyan 11, ita ke jan lissafin tsibirai duka zuwa sama.

Kuba kuwa tun 1961 ta yi babban yaƙi da jahilci, daga baya ta sa likita da ma'aikaciyar jinya a kowace unguwa. A 1990 lambarta 13 ce. A 2017 da 2018, jarirai 4 kaɗai cikin 1000 ke mutuwa kafin su cika shekara guda. Amma tattalin arziki ya taɓarɓare, magani ya yi wuya, ma'aikata da yawa suka bar ƙasar. Daga 2021 wannan lamba ta jarirai ta haura 7.

Inda aiki ya fi wuya

Akwai tsibiran da suka sauko da wuri, sa'annan suka kafe. Fiji tana wajen 30 a 1990. Bayan shekara talatin ba ta yi nisa da wurin ba. Moris tana 23 a 1990, ta sauko wajen 15, ta daɗe a nan.

Mi ya sa? Zawo da ƙyanda da masassara suna kashe yaran da suka ɗan tasa, kuma maganinsu mai arha ne. Da an kawar da su, sai a tarar saura jarirai sababbin haihuwa. A duniya baki ɗaya, kusan rabin yaran da ke mutuwa ba su cika kwana 28 ba. Bakwaini ne, ko wanda ya sha wuyar haihuwa ya fito bai numfashi, ko wanda ciwo ya shiga jininsa, ko wanda aka haifa da nakasa a zuciya. Waɗannan ba sange ko ruwan gishiri ke ceto su ba. Suna buƙatar ƙwararriyar ungozoma, da ɗakin tiyata kusa, da jini, da iskar numfashi, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa. Mace in haihuwa ta gardama a ƙaramin tsibiri, sai an nemo jirgi. Ƙasa mai mutum dubu 100 kuma ba ta iya riƙe likitan jarirai da yawa. Wanda ta aika karatu waje, sau da yawa can yake zama, inda albashi ya fi tsoka.

Lafiyar uwa ma tana ciki. A Fiji da Moris ciwon sukari ya yi yawa tsakanin manya, kuma mai ciki in tana da ciwon sukari ko hawan jini, haɗari ya ƙaru gare ta da abin da ke cikinta.

Ga kuma iska da teku. Guguwa guda tana iya kwashe rufin gidajen likita na tsibiri duka, kamar yadda ta yi a Fiji cikin watan Fabrairu 2016. Ruwan teku yana ƙara hawa, gishiri yana shiga rijiyoyi. A 2011 fari ya sa Tubalu ta kafa dokar ta-ɓaci, sai da aka kawo mata na'urar tace ruwan teku daga waje. Inda ruwan sha ya lalace, zawo na biye.

Akwai wani abu game da ƙidaya wanda ke ruɗa mutane. Tubalu mutanenta wajen dubu 11 ne. A ce an haifi yara 250 a shekara. In 5 suka rasu, lamba ta zama 20. In baɗi 8 suka rasu, ta zama 32. Yara ukku ne suka ƙaru, amma bisa takarda sai a ga kamar ƙasa ta rushe. Shi ya sa masu lissafi ba su yarda da shekara guda ba, sai sun duba shekara goma ko ashirin a jere. Wannan ma ba ya yiwuwa sai in ana rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa. A wasu tsibirai masu nisa, jariri yakan zo ya koma ba a rubuta sunansa ko'ina ba.

A 2015 ƙasashen duniya suka yi alkawari cewa kafin shekarar 2030 kowace ƙasa ta sauko 25 ko ƙasa da haka, jarirai sababbin haihuwa kuma 12. A lissafin 2022, Kap-Ber da Sawo Tome da Maldib da Moris da Kuba da Samowa duk sun riga sun yi ƙasa da 25. Fiji tana bakin layi, ta ɗan haura shi. Hayiti ta ninka shi biyu.